Kafin A Sayi Sabuwar Lasifika, A Binciki Tsohuwar

A gidaje da dama, daga Kano har Maraɗi, akwai tsohuwar na'urar sauti da aka lulluɓe da ƙyalle a kan kabad ko aka tura ƙuryar sito: Sony ko Kenwood, Pioneer ko National Panasonic, da lasifikokinta biyu na katako. Wasu tun zamanin Udoji suka shigo, lokacin da ma'aikatan gwamnatin Najeriya suka karɓi ariyas a 1975 suka yi wa shagunan rediyo tsinke. Wasu cikin kayan ɗakin amarya suka zo. Yadda aka yi watsi da su kusan iri ɗaya ne. Murya ta fara kaushi, ko gefe ɗaya ya ɗauke, ko abin ƙara murya ya riƙa ƙaras-ƙaras in an murɗa shi, sai maigida ya ce kayan sun tsufa, ya shiga kasuwa tambayar kuɗin sabo. Hukuncin yakan riga bincike, shi ya sa yake cin kuɗi bai biya buƙata ba. Abu uku ne ke ɓata sauti a gida: inda aka ajiye lasifika da yadda aka haɗa ta, ko wani ƙaramin abu da ya gaji a ciki, ko kuma lasifikar ce da ma can iyakarta ke nan. Na farko kyauta ake gyara shi, na biyu da kuɗi kaɗan, na uku ne kaɗai ke buƙatar sabon saye. Wanda ya fara da saye bai san wanne ke damunsa ba, caca ya yi da kuɗinsa.

Lasifika ba ta cikin kayan da zamani ke saurin bari a baya. Tsarin da ake aiki da shi yau, wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana shi a 1925. Akwai maganaɗisu, akwai naɗaɗɗiyar siririyar wayar tagulla da masu gyara ke kira kwayil, zaune cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisun, sannan ga takarda mai siffar mazurari da aka manna wa kwayil ɗin. In wuta ta bi ta cikinsa sai ya yi gaba ya yi baya, ya ja takardar, ita kuma ta kaɗa iska yadda fatar ganga ke yi in an buga ta. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa iskar da aka kulle cikin rufaffen akwati na iya tallafar takardar, aka sami sauti mai kauri daga ƙaramin akwati. A 1961 Neville Thiele na Ostireliya ya fitar da lissafin daidaita akwati da lasifikar da za a sa masa, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma har gobe da lissafinsu ake aiki. Wayar hannu mai shekara 10 ba ta ɗaukar manhajojin bana, amma lasifikar kirki mai shekara 40 tana karɓar abin da sabuwa ke karɓa, ta waya biyu, ja da baƙa.

Abin da ke tsufa a jikinta kaɗan ne, kuma ido na ganinsa. A cire ragar gaba a dubi gefen babbar lasifikar, wato wufa. Akwai wani zobe mai laushi da ya haɗa takardar da ƙarfen da ke riƙe da ita. A lasifikoki da yawa na shekarun 1970 da 1980 da soso aka yi zoben nan, soson kuwa yakan ruɓe cikin shekara 10 zuwa 20, zafi da laima na ƙara masa sauri. In ya kai, ɗan yatsa kawai za a sa ya dagargaje, ya bar baƙin gari mai danƙo a hannu. Daga nan takardar ta rasa madogara, kwayil ya fara gogar bangon raminsa, iskar akwati ta riƙa zurarewa, kaurin sauti da ake kira bes ya koma karkarwa. Mai sauraro zai rantse lasifika ta mutu, alhali maganaɗisu da kwayil da akwati, masu tsadar ke nan, lafiyarsu ƙalau. Gyaran haƙuri kawai yake so: a kankare tsohon soso da gam, a manna sabon zobe daidai girmansa, a riƙa danna takardar a hankali ta kowane gefe don a tabbatar kwayil ba ya goga, a bar gam ya kwana. Abin da ke mayar da ƙaramin aikin nan babba shi ne ci gaba da kunnawa bayan zoben ya yage, domin gogar ce ke kankare rufin wayar kwayil har ya ƙone.

A wajen amfilifaya ma masu laifin sanannu ne. Akwai ƙurar hunturu, wadda ke shiga abin ƙara murya da sauran maɓallai ta kwanta kan hanyar wuta. Ita ke kawo ƙaras-ƙaras da ɗaukewar gefe guda, kuma feshin wanke maɓallan lantarki yakan kore ta cikin mintuna. Akwai dalmar da aka liƙe kayan ciki da ita, wadda zafi da sanyin shekaru ke tsagawa, shi ya sa wata na'urar sai an bubbuge ta take magana. Sai kafasito, ƙananan gwangwanayen da ke tace wuta, masu ruwan sinadari a ciki da ke bushewa sannu a hankali. Masu ƙera su na da ƙa'ida: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Wanda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85 zai kai wajen awa 32,000 in cikin na'urar bai wuce digiri 45 ba, amma a digiri 65 awa 8,000 ne kacal. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, amfilifayar da aka cusa cikin rufaffen kabad, aka ɗora mata dikoda, aka shimfiɗa mata ƙyallen ado a kan ramukan shan iska, da hannu aka rage mata shekaru. Alamar gajiyar kafasito ƙugi ne maras yankewa ko da an rage murya, ko kumburi a kan gwangwanin. Ga kuma wutar NEPA mai hawa da sauka, da ƙaramin janareta, da kayan gwanjo da aka ƙera don bolt 120 na Amurka ko 100 na Japan a soka su kai tsaye cikin 230 namu. Waɗannan ko sabuwar na'ura ba za su ƙyale ba.

Gano inda ciwon yake ba ya buƙatar ilimin lantarki. In gefe ɗaya ne ke kaushi ko ya yi shiru, a kashe na'ura a musanya wayoyin lasifikokin a bayan amfilifaya, ta hagu ta koma dama. In matsalar ta zauna a lasifikar da take tun farko, to ita ce ko wayarta; in ta yi ƙaura zuwa ɗayar, laifin amfilifaya ne ko abin da ke ba ta sauti. Batirin tocila mai bolt 1.5 ma ma'auni ne: a taɓa wayoyin lasifika a kawunansa biyu na ɗan lokaci, lafiyayyar wufa za ta motsa ta ce ɗas. In aka yi wa lasifikokin biyu haka, ja a kan batirin, baƙa a gindinsa, ya kamata takardunsu su motsa ɓangare ɗaya. In wannan ta turo waccan ta janye, an juya waya a wani wuri, kuma haka za su riƙa cinye kaurin juna, mutum ya shekara yana zargin lasifika da rashin bes. A kuma kasa kunne kusa da ƙaramar lasifikar sama, tuwita. In shiru take, ita ce dalilin dushewar sauti, kuma ana canza ta ba tare da an taɓa sauran ba. Sai a duba abin da ake kunnawa. Karatu ko waƙar da aka naɗa da wayar hannu a wurin taro, ko aka matse ƙwarai don ta yi sauƙin turawa, ta riga ta rasa abin da ta rasa, kuma lasifika mai kyau ƙara fito da aibinta za ta yi.

Ɗaki shi ne ba a cika tuhuma ba, alhali babban kaso na abin da kunne ke ji daga gare shi yake. Falon zamani a biranenmu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, teburin gilashi a tsakiya. Sauti yana isa kunne kai tsaye, ya sake isowa bayan ya daki bango da ƙasa da silin, kalmomi su cakuɗe, a ƙara murya don a ji, amon ya ƙaru. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka kaurin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa zangonsa ya kusa mita uku da rabi, daidai faɗin ɗakunanmu. Shi ya sa a wani gefen falo bes ke dukan ƙirji, a matsa taku biyu ya ɓace. Lasifikar da aka cusa a kusurwa gunji take, wadda aka ajiye a ƙasa ƙafafun kujera take yi wa magana, biyun da aka jera manne da juna a gefen talabijin kuwa sun rushe amfanin zamansu biyu. Tun da Alan Blumlein ya yi rajistar tsarin sitiriyo a Ingila a 1931, manufar ita ce a ji kowane sauti daga inda yake tsakanin hagu da dama. Hakan na samuwa in tazarar da ke tsakanin lasifikokin ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa mai sauraro, tuwita a tsayin kunnen wanda ke zaune, an ɗan janye akwatunan daga bango, ga kafet ga labule mai kauri. Wanda bai yi wannan ba, ya sayo sabuwa ya ajiye inda tsohuwar take, ɗakin dai zai ci gaba da saurare.

To me ya sa sabuwa ke burgewa haka a shago? Da farko lambobi. Mai shago zai nuna kwali ya ce, "Alhaji, wannan wat dubu uku ce," kuma da gaske ga 3,000 nan ɓaro-ɓaro, da PMPO a gefe. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. A juya bayan na'urar a karanta wutar da take ja daga soket. In an ga wat 60 ko 80 zance ya ƙare, domin na'ura ba ta ɗorewa tana fitar da fiye da abin da ta sha. Irin wannan ƙarin gishiri ne ya sa hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole a bayyana ƙarfin da amfilifaya ke iya ɗorewa a kai, wanda aka fi sani da RMS. Ko wat na gaskiyar ma ba ya sayen abin da ake zato. Ninka ƙarfi biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce murya ta ninka, sai an ninka ƙarfi wajen sau 10. Lasifikokin gida da yawa na ba da desibel 85 zuwa 90 daga wat ɗaya tak a nisan mita guda, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro marar cutarwa ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Ke nan zaman falo na yau da kullum 'yan wat kaɗan yake ci. Tuwita ma sau da yawa ƙure ƙaramar amfilifaya har sauti ya fara tsagewa ne ke ƙona ta.

Bayan lambobi sai ido. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman mai lasifikokin JBL, sun zaunar da ma'aikatan kamfanin 40 suka ba su lasifikoki iri huɗu su yi musu maki, sau ɗaya suna ganin kayan, sau ɗaya an sa labulen da sauti ke ratsawa amma ido ba ya gani. Da ana gani, manyan akwatuna masu tsada da sheƙi suka yi wa ƙaramar mai araha nisa. Da aka ja labule tazarar ta ragu, makin ƙaramar ya tashi. Wani abin lura kuma, a bayan labule sauya wa lasifika wuri a ɗakin ya canza makinta sosai, amma da ana ganinta kusan ba wanda ya kula da canjin. Ƙwararru da waɗanda ba su saba ba duk abin ya shafe su. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, sai dai a nan korar asara ce, tunda ji aka zo saye. A haɗa da abin da duk mai sayar da kayan sauti ya sani: in aka gwada biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa. Fitilu masu walƙiya, bes da aka ƙure, hayaniyar kasuwa da ke rufe kaushi, duk mai shago suke yi wa aiki.

Masu ƙin gyara na da hujjoji, kuma ta farko mai ƙarfi ce: an kai gyara, bayan wata guda ta sake mutuwa, wani lokacin ma da sabon ciwo. Hakan na faruwa, kuma dalilinsa biyu. Ɗaya jabun kaya. Tiransistocin Toshiba masu lamba 2SC5200 da 2SA1943, da ake sa wa amfilifaya da yawa, sun yi ƙaurin suna wajen yawan jabu. In aka fasa na jabun sai a tarar ƙwayar cikinsa ba ta kai ta asali girma ba, da ta ɗauki zafi ta ƙone. Baƙaƙen guntayen STK na kamfanin Sanyo, da ke cikin na'urorin Japan masu yawa na shekarun 1980, an daɗe da daina ƙera tsofaffin lambobinsu, don haka wanda ake sayarwa a matsayin sabo abin tuhuma ne. Na biyu gyaran gaggawa: fis ya ƙone a naɗa masa waya, tiransisto ya mutu a canza shi ba a nemi abin da ya kashe shi ba, kwayil ya ƙone a naɗa wani da waya mai kaurin daban har lasifikar hagu ta daina kama da ta dama. Duk wannan ƙara ce a kan mugun gyara, kuma tana da magani. Mai kaya na da damar ya ce, "Injiniya, me ya ƙone, kuma me ya ƙona shi?" Wanda ya iya amsa ta biyun shi ne ma'aikaci. A nemi ganin abin da aka cire. A fifita kayan asali da aka ciro daga matacciyar na'ura a kan sabon da ba a san asalinsa ba. A bar na'urar ta yi awa guda tana aiki a shagon kafin a biya. In zobe ko tuwita za a canza, a yi wa lasifikokin biyu tare. Abin da bai kamata ba shi ne maigida ya buɗe amfilifaya da kansa, domin manyan kafasito na riƙe wuta bayan an zare soket.

Hujja ta biyu ta zamani ce: tsohuwar na'ura ba ta da Bluetooth, kaset da faifai sun ƙare, gida ya koma kan sola da inbata, tsohuwar amfilifaya kuwa shan wuta gare ta. Zancen Bluetooth an warware shi tuntuni, domin akwai ƙaramin abin karɓa mai araha da ake sokawa a ramin AUX na baya, na'urar 1985 ta karɓi sauti daga wayar bana. Zancen wuta kuwa gaskiya ne. Tsofaffin amfilifaya sukan mayar da wajen rabin wutar da suka sha, ko fiye, zuwa zafi, kuma suna ja ko ba a sa musu komai ba, alhali sababbin da ake kira ajin D kan yi amfani da wajen kashi 90 cikin 100, wasu ma kai tsaye suke aiki da batirin bolt 12 ko 24. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne a canza amfilifaya a bar lasifikoki, kuma hakan ya yiwu ne saboda a rabe suke. A nan lasifikar caji da ake kira MP da ire-irenta ke da rauni. An haɗe lasifika da amfilifaya da batiri da manhaja cikin roba ɗaya, ranar da mafi rauninsu ya mutu duka sun mutu, batirin litiyam kuwa bayan 'yan ɗaruruwan caji yake fara sanyi. Masu tsadar ma ba su tsira ba. A Janairun 2020 kamfanin Sonos na Amurka ya sanar zai daina sabunta manhajar tsofaffin kayansa daga watan Mayu, kuma a lokacin yana ba da rangwamen kashi 30 ga wanda ya yarda a kashe tsohuwar na'urarsa ta intanet, kisa na har abada. Sai da masu saye suka yi ca kafin ya janye sharaɗin. Lasifikar katako mai waya biyu ba kamfanin da zai iya kashe ta daga nesa.

Ta uku ta lissafi ce: in kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabo, wahalar ta mece ce? Sai a tambaya, wane sabon? Auna gyaran lasifikar katako mai nauyi da farashin hom tiyata na roba awo ne da mudu biyu. Abin da ya dace a sani shi ne nawa za a sayi sabuwar da ta kai tsohuwar inganci, kuma amsar ta canza ƙwarai tun da aka saki naira a Yunin 2023: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kayan sauti kusan duka shigo da su ake yi, dala suke bi, ladan mai gyara kuwa a unguwa ake yanka shi. Sunan da ke jikin kwali ma ba tabbaci ba ne. Sansui da Akai da Nakamichi, sunayen da iyayenmu suka sani da nagarta, sun daɗe da faɗawa hannun wani kamfanin Hong Kong mai suna Grande, aka riƙa ba da hayar sunayen ga masu ƙira daban-daban. Tsohuwar Sansui da ke sito da sabuwar da ke shago suna kawai suka haɗa. Akwai kuma kuɗin da ba mai saye ke biya ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Duk wanda ya ga yara 'yan jari-bola na ƙona roba don su fitar da tagulla ya san huhun da ke biyan sauran.

Hujja ta huɗu ce ta fi cancantar a saurara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba, kuma an sami ci gaba na gaske. Binciken da Toole ya fara a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada ya nuna cewa in ido ba ya gani, yawancin mutane lasifika iri ɗaya suke so: wadda ba ta fifita wani sashen sauti a kan wani, kuma abin da take watsawa gefe ya yi kama da abin da take turowa gaba. Da wannan sani da awon kwamfuta, ƙaramar lasifikar kirki ta yau na iya doke manya da yawa na da. A jerin kayan sauti kuma lasifika ce ta fi sauya abin da ake ji: lafiyayyar amfilifaya gurɓatar da take yi wa sauti sau da yawa ba ta kai ɗaya cikin 1,000 ba, ta lasifika kuwa takan kai ɗaya cikin 100 ko fiye a wajen bes. Don haka in ƙarin inganci ake nema, a kanta ya kamata kuɗi su tafi kafin wayoyi masu tsada ko ƙarin wat. Akwai kuma inda gyara ɓarna ce: akwatin matsattsen garin katako da ruwan damina ya kumbura ko gara ta cinye, lasifikar da tun tana sabuwa siririn kwali ce da tuwitar ado, amfilifayar da ta ƙone har allon cikinta ya zama gawayi. Haka wanda ya koma babban falo da 'yan ƙananan lasifikoki, ko wanda ya gyara wuri ya gyara kaya, ya kuma tabbatar ba kunnensa ne ya fara nauyi ba, amma har yanzu ba ya jin kalmomi sarai. Irin wannan ya gama bincike, sayensa bisa hujja ne.

Shi ma akwai yadda zai yi sayen kada ya koma gidan jiya. Ya tafi da abin da kunnensa ya haddace, kuma muryar mutum ta fi kiɗa tona asiri: tilawar makarancin da ya saba ji, ko muryar mai labaran da yake saurare kullum, domin nan da nan ake gane murya in ta koma ta hanci ko ta yi kauri fiye da kima. Ya sa a mayar da bes da siriri tsakiya, a daidaita ƙarar biyun da ake gwadawa, ya saurara da murya ƙasa-ƙasa irin ta dare. Ya ƙwanƙwasa gefen akwati. Mai kyau ba ya amsa amo. Ya duba lambobi biyu masu amfani. Ɗaya desibel nawa take bayarwa daga wat ɗaya: mai 90 rabin wutar mai 87 take buƙata don ƙara iri ɗaya, abin da mai sola zai so ya sani. Ɗayar om, 8 ko 6 ko 4, wanda dole ya dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya. Haɗa lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya yana mayar da su 4, kuma ta haka ake ƙona amfilifaya ranar suna ko biki. In gwanjo zai saya, a Alaba ko a Sabon Gari, ya cire raga ya duba zobe, ya danna takarda a hankali ya ji ko tana goga, ya kasa kunne a kowace tuwita, ya karanta bolt. Fiye da komai, ya zaɓi abin da sukudireba ke iya kwancewa, lasifika daban amfilifaya daban.

Duk shawarar nan a kan bincike ta rataya, kuma akwai wata al'ada tamu da ke yi masa zagon ƙasa. Mun saba biyan mai gyara kuɗin abin da ya canza, ba mu saba biyansa kuɗin dubawa ba. Wanda ya ɓata awa biyu yana bin layin wuta da mita, ya gano dalma ce kawai ta tsage, in ya faɗi gaskiya sai a ce ai bai yi komai ba. In kuma ya ce na'urar ba ta cancanci gyara ba, ya tashi a tutar babu. Tsarin da kansa yana tura shi ya canza wani abu ko da lafiyarsa ƙalau, ko ya karɓi aikin da ya san ba zai ɗore ba, sannan mu dawo muna cewa masu gyara ba su da amana. Ya fi a yanka kuɗin dubawa tun farko, a biya ko an gyara ko ba a gyara ba. Da wannan ɗan kuɗi mai kaya ya sayi amsar gaskiya ga tambayar da za ta nuna masa ko ya gyara, ko ya canza amfilifaya kaɗai, ko ya shiga kasuwa, kuma ko wacce ce amsar, ta fi sabuwar lasifika araha.